Minti goma bayan busar ƙarshe

Duk wanda ya taɓa halartar wasan ƙarshe na gasar ƙwallon ƙafa ya san akwai wani ɗan lokaci, bai fi minti goma ba, tsakanin busar ƙarshe ta alƙalin wasa da sa'ad da babban baƙo zai miƙe ya ba da kofi. A cikin wannan ɗan lokaci ne ɗan wasa ke faɗin abin da ke ransa, tun gumi bai bushe ba, tun shugaban ƙungiya bai raɗa masa abin da ya kamata ya ce ba. Shekara da shekaru ke nan ana ja-in-ja a kan waɗannan mintoci tsakanin ƴan jarida da masu shirya wasanni, tun daga manyan filayen ƙasashen Turai har zuwa filin rairayi na Matamai, a jahar Damagaram, inda kofin kansa wani attajiri ne na kasuwa ke sayo shi daga Kano.

A garin na Matamai akwai wani dattijo, tsohon malamin lakwal da ya yi ritaya, wanda wannan magana ta daɗe tana ci masa tuwo a ƙwarya. Shi ba ɗan jarida ba ne na takardar shaida. Guguwar da ta biyo bayan fitowar jaridu masu zaman kansu a 1990 da Taron Ƙasa na 1991 ita ce ta kwaso shi, kamar yadda ta kwaso malamai da yawa na ƙauyuka. Da gidajen rediyo masu zaman kansu suka iso Damagaram wajen ƙarshen shekarun 1990, sai ya zama wakilin ɗaya daga cikinsu a gundumar, ba albashi, sai ɗan abin sayen pil. Kayan aikinsa rikoda ce ta kaset da littafin rubutu irin na ɗalibai. In an gama wasa da la'asar, da asuba yana tasha, ya damƙa kaset ɗin hannun direban da za shi Damagaram, ya haɗa da roƙo da addu'a kada a bar shi cikin rana.

A wancan zamani ba wanda ke tambayar sa izini. Ana busa usur sai ya tattare rigarsa ya faɗa fili tare da yara da makaɗa, ya kamo hannun wanda ya ci ƙwallo. Su wa yake kamowa? Yaron tela ne, ko mai sayar da rake a bakin hanyar Ɗan Barto, ko ɗan kolej da ya zo hutun damina, wani ma ƙafa ba takalmi ya buga wasan. Yaron na haki, Hausarsa na sarƙewa, ya gode wa Allah, ya gai da mahaifiyarsa, ya gai da maigidansa na kasuwa da ya ba shi izinin rufe rumfa da wuri, ya ce ƴan unguwarsu su fito da ganga. Bayan kwana biyu muryar nan ta fita a rediyo. Dattijon na cewa ya sha ganin tsohuwa ta tako har ƙofar gidansa don kawai ta ce: "Mushe, Allah ya yi maka albarka, na ji ɗana a cikin akwati." Mai karatu da ke zaune a ofis a Yamai yana iya ganin wannan ƙaramin abu ne. Ga yaron kuwa, wataƙila iyakar ranar ke nan a duk rayuwarsa da jaha guda za ta yi shiru ta saurare shi.

Sannu a hankali abubuwa suka sake. Masu shirya gasa sun ga yadda ake yi a tele, su ma suka ce sai an yi tsari. Aka ja igiya, aka buga ƴan katuna na ratayawa a wuya, aka ce ba mai ƙetare igiya sai mai kati, kati kuwa na kwamiti ne da mai ɗaukar hoton babban baƙo. A wani wasan ƙarshe na gasar hutu, dattijon ya zo zai wuce kamar yadda ya saba, sai wani matashi cikin masu tsaro, wanda shi ne ma ya koya masa karatu a aji uku, ya tare shi cikin ladabi. "Mushe, ku yi haƙuri, umurni aka ba mu. Sai an gama jawabai." Ya ce masa: "Ɗana, in an gama jawabai ai yaran sun watse." Haka kuwa aka yi. Jawabi huɗu aka yi, uku da Faransanci, kowane da jerin gaisuwar manya. Kafin a ƙare an kira sallar magariba, waɗanda suka ci sun bi gari da kofi a bayan mota, waɗanda aka ci sun sulale gida. Abin da ya shiga kaset a ranar shi ne muryar mutanen da ko sau ɗaya ba su taɓa ƙwallon ba.

To, daga ina wannan igiya ta samo asali? Ai a can ma da ba haka abin yake ba. Ran 21 ga Yuni 1970, a filin Azteka na birnin Meziko, da Brazil ta ci Italiya 4 da 1, jama'a da masu ɗaukar hoto suka cika fili, aka ɗaga Pele a kafaɗa, aka yi wa abokin wasansa Tostao wasoson tufafi har ya kusa zama tsirara. A yau hukumar FIFA da ta Afirka, wato CAF, sun raba aikin kashi-kashi. Gidan tele da ya sayi izinin nuna wasa shi ke samun gajeriyar hira a bakin fili, a gaban allon da ke ɗauke da tambarin kamfanonin da suka zuba kuɗi. Sauran ƴan jarida a tara su a wani lungu tsakanin ɗakin sake kaya da motar ƴan wasa, bayan shinge. Tilas ɗan wasa ya bi ta nan, amma ba tilas ya tsaya ba. Daga nan sai taron manema labarai, inda mai horarwa ke amsa tambaya da kalmomin da ya auna tun daren jiya. Ƴan kasuwa za su fi kowa gane wannan tsari: muryar ɗan wasa a minti na farko haja ce, kuma an riga an sayar da ita tun kafin a buga wasan.

Ko a can ɗin ma igiyar tana da ido, ta san wanda take tarewa. Ran 18 ga Disamba 2022, a filin Lusail na ƙasar Katar, bayan Ajantina ta ɗauki kofin duniya, ƴan jaridar da suka yi wata guda suna aiki suna can bayan shinge, sai ga wani mai gidajen cin abinci ɗan Turkiyya, Nusret Gökçe, a tsakiyar fili yana jan hannun Messi, yana riƙe da kofin da ba kowa aka yarda ya taɓa ba. Sai da surutu ya yi yawa FIFA ta ce za ta binciki yadda aka yi ya shiga. Dattijon Matamai ya yi dariya da ya ga wannan. Ya ce ashe ko'ina ɗaya ne, mai babbar riga ba ya bukatar kati.

Amma a yi adalci, masu igiya suna da hujja, kuma hujjar mai nauyi ce. A Fabrairu 2012, a birnin Fot Sa'id na Masar, jama'a suka kutsa fili bayan wasa, fiye da mutum 70 suka rasu. A Yuli 2017, a filin Demba Diop na Dakar, a wasan ƙarshe tsakanin Ouakam da Mbour, rigima ta tashi, katanga ta faɗi, mutum 8 suka riga mu gidan gaskiya. A Disamba 2024, a Nzerekore ta ƙasar Gini, hukuma ta ce mutum 56 ne suka mutu a turmutsutsun da ya biyo bayan gardama a kan hukuncin alƙalin wasa. Jami'in da aka ɗora wa tsaron fili da mutum biyar ko shida ba shi da lokacin tantance wane ne ɗan jarida, wane ne mai neman alƙali da dutse a hannu. Dattijon bai taɓa musun wannan ba.

Akwai kuma hujja ta biyu, wadda ta shafi ƴan jaridar kansu. Magana zarar bunu ce, kuma yaron da aka ci da bugun daga kai sai mai tsaron gida ba ya cikin hayyacinsa. A garin da alƙalin wasa maƙwabcin kawun ɗan wasa ne, kalma ɗaya a rediyo tana iya raba gida biyu shekara goma. Ka'idar da dattijon ya ɗora wa kansa tun farko ita ce zagi ba ya shiga motar Damagaram. Yana goge shi da dare, ya bar sauran. Ba kowane mai riƙe da makirfo ke da wannan kunya ba. A gasar cin kofin Afirka da aka yi a Kodebuwa a Janairu 2024, bayan Gana ta yi 2 da 2 da Mozambik, wasu ƴan jaridar Gana suka yi ta yi wa ƴan wasan ƙasarsu ihu da baƙar magana a wurin da aka keɓe don hira, abin da ya jawo Allah wadai. Wanda ya yi irin wannan shi ya ba masu igiya ƙarin ƙarfi.

Sai dai a wannan gasar dai, ran 11 ga Fabrairu 2024, aka ga amfanin barin ɗan wasa ya yi magana da zafinsa. Sebastien Haller, wanda aka gano yana da ciwon daji a 2022 ya yi jinya ya tashi, shi ya ci ƙwallon da ta ba Kodebuwa nasara a kan Najeriya, 2 da 1. A hirar bayan wasa magana ta gagare shi, ya fashe da kuka. Da an jira sa'a guda, da an samu jawabi tsararre wanda ba wanda zai tuna.

Abin da ya fi damun dattijon shi ne mu a nan ba mu bukatar zuwa Abijan kafin mu koyi wannan, kokawa ta ishe mu misali. Tun da aka fara gasar Takobi a Tawa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauka, ɗan kokawa da bakinsa yake magana. Yana kirari kafin kamu, bayan kaye kuma a miƙa masa makirfo yana tsaye da rairayi a jiki, ya yi Hausa ko Zabarmanci, ƙasa duka na ji. Shi ya sa har yau a kasuwar Matamai in ka ambaci Langa-Langa ko Balla Haruna za a ba ka labari kamar jiya aka yi, kuma yaran da ba su taɓa zuwa Doso ba sun san Isaka Isaka da takubbansa shida. Ƙungiyar Espoir ta Damagaram kuwa ta ɗauki kofin ƙasa na ƙwallon ƙafa a 1984. Samari nawa ne a jahar za su iya kawo sunan mutum uku cikin waɗanda suka yi wannan bajinta? Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, mu kuwa a ƙwallo mun saba karɓe waƙar mu ba shugaban kwamiti.

Wani abin mamaki kuma, igiyar yau mutum ɗaya kawai take tarewa, wato wanda zai yi tambaya da sunansa, a san gidan rediyon da za a kai ƙara in ya yi ƙarya. Sauran jama'a kowa da salula a hannu. Kafin babban baƙo ya gama gaisuwa, hoton yaron da ke zagin alƙali ya zaga WhatsApp ya kai Daura da Kano, ba mai gogewa da dare.

Abin da dattijon ke nema bai taka kara ya karya ba, kuma ba ya cin ko dala. A bar igiya inda take. A keɓe kusurwa ɗaya ta fili, a sa mai tsaro ɗaya, a rubuta sunayen wakilan rediyo da na jaridu tun ana gobe wasa, ba tare da duba wanda ya yabi kwamiti da wanda ya soke shi ba. Ana busa usur, kafin jawabai, a kawo mutum biyu daga kowane ɓangare, minti biyar ya isa. Wanda ya ce ba zai yi magana ba a ƙyale shi, haƙƙinsa ne. Attajiran da ke sayen kofi da riguna da jami'an da ke sa hannu a takardar izinin gasa su ne ke da ikon sa wannan cikin sharaɗi, tunda da kuɗinsu da hatiminsu ake yin taron.

Ya fi nacewa a kan ɓangaren da aka ci. A cikin tsofaffin kasakasan da ya adana a akwatin ƙarfe, wanda ya fi kunnawa baƙi na wani mai tsaron gida ne da ƙwallo ta zame masa a mintin ƙarshe. Yaron ya yi shiru har ana jin ganga daga nesa, sa'an nan ya ce: "Malam, ku gaya wa ƴan unguwarmu laifina ne, kada a taɓa alƙali." An sa muryar a rediyo ran Talata. Daga baya yaron ya bar ƙwallo, yanzu goro yake saidawa a tasha.