Ina Ruwan Rufinka Yake Zuwa?

A ƙasar Dambatta da Makoɗa da Kunci ruwan shekara ba shi da yawa, kuma mafi yawansa a Yuli da Agusta yake sauka. Wata bakwai muna neman sa da guga, amma ranar da ya zo ƙofar ɗaki, babu abin da muke yi sai ƙoƙarin korar sa waje. Ban lura da wannan sosai ba sai shekarar da muka sauya rufin gidan mahaifinmu daga soro zuwa kwano.

Rufin azara da ƙasa yakan ɗan riƙe ruwa, ya sake shi ta indararo a hankali. Kwano ba ya riƙe ko ɗigo. Rufi mai faɗin murabba'in mita 100, idan aka yi ruwan milimita 30, zai zubo lita 3,000, wato duro 15, wani lokaci kafin a idar da sallar Isha'i. Magini ya ba da shawarar a dafe tsakar gida gaba ɗaya da siminti, a faɗaɗa rariya ta fita lungu. Baffanmu yana zaune a tabarma yana ji. Ya ce, "Yaro, ruwan nan da za ka tura waje, katangar wa zai ci?" Magini ya ce, "Baba, ai haka kowa yake yi yanzu." Baffa ya ce, "Shi ya sa mai unguwa ba ya hutawa da damina."

Gaskiya ya faɗa. Yawancin rigimar maƙwabta da na sani a garinmu daga bakin rariya take farawa. Mai hali ya yi siminti, ruwansa ya bi lungu da ƙarfi, ya zaizaye gindin katangar tubali ta wanda ba shi da hali. A da ruwan yana da masauki: kududdufin da aka haƙi ƙasar gina unguwa. Nan yake kwantawa, dabbobi su sha, masu buga tubali su ɗiba, sauran ya nutse ya ciyar da rijiyoyi. Na san yana tara sauro, kuma yana da haɗari ga yara, don haka yana buƙatar shinge da kulawa. Amma cike shi da shara a yanka filoti bai hana ruwan zuwa ba, sai dai ya shiga ɗakunan mutane.

Mun yi siminti a gindin bango da hanyar madafi kawai. A kusurwar da ta fi gangare, nesa da katanga da masai, muka haƙa ɗan kwari mai faɗi wanda zurfinsa bai kai gwiwa ba. Muka jera duwatsu a inda ruwan kwano ke faɗowa don su karya ƙarfinsa, muka ja 'yar hanya zuwa kwarin, muka dasa gamba a gefe. Idan aka yi ruwa da dare, da safe za ka tarar ya cika, jajawur, da ganye da kashin awaki suna yawo a kai. Kafin la'asar jigawa ta shanye, sai laka mai santsi da sawun kaji. Ƙwan sauro na buƙatar kusan mako kafin ya zama mai cizo, saboda haka ruwan yini ɗaya ba ya haifar da shi.

A bakin kwarin muka sa kanya, don tana son danshi, da tsamiya can gefe. Mutane sun ce me ya hana darbejiya, mai saurin girma? Ba na raina ta. Daga Indiya aka kawo ta zamanin Turawa, kuma ta yi wa garuruwanmu inuwa. Sai dai ba ta ba da abin miya ko abin kunu, kuma da wuya wani abu ya yi kyau a ƙarƙashinta. Cediya da durumi kuwa na dandali ne, saiwarsu tana tsaga bango. Itatuwanmu na gado kowanne da aikinsa. Gawo yana zubar da ganye da damina, gero ya yi ƙiba a gindinsa, da rani ya ba awaki 'ya'ya. Ɗorawa bayan daddawa tana ba da makuba, wadda ake shafe katanga da ita don kada ruwa ya ci.

Michael Mortimore, Baturen Ingila da ya koyar a Zariya da Jami'ar Bayero, ya fara nazarin gonakin kewayen Kano tun shekarun 1960. Ya nuna cewa yawan jama'a bai ƙarar da itatuwa ba, domin kowace bishiya a gona tana da mai ita. A Maraɗi kuma, daga 1983, Tony Rinaudo da manoma suka yaɗa dabarar barin tohon kututture a lokacin sassabe, a rage rassa a bar masu ƙarfi. Ita muka bi a gonar bayan gida, inda rarar ruwan kwarin ke malalawa. Magarya da kalgo da aduwa da suka fito da kansu sun fi duk dashen da muka sayo ƙarko, don saiwarsu ta riga ta yi nisa.

Wahalar tana ranin farko. Dashe na son ruwan alwala da na wanke-wanke marar sabulu kullum, da shingen ƙaya mai kauri, domin akuya ɗaya tana iya cinye aikin shekara kafin a dawo daga kasuwa. Kududdufin unguwarmu kuma an fara zuba shara a gefensa na gabas. Mun shirya da dattawa za mu kai maganar gaban dagaci kafin ruwan shuka ya sauka.