Yawo cikin kwalekwale a ruwan Ibohaman

A ƙasar Adar babu gulbin da ke gudu shekara duka. Majiya da ta ratsa ƙasar Buza, da Tarka ta Madawa, sai da damina suke kawo ruwa. In kaka ta yi, ruwan da ya saura yana cikin tabkuna da madatsun da ake kira baraji. Ɗaya daga cikinsu shi ne na Ibohaman, cikin ƙasar Keita, wanda manoma ke ban ruwa da shi.

Wata safiya bayan an gama yankan hatsi, wani tsohon masunci ya ɗauki ɗan ƙanwarsa cikin kwalekwale. Yaron makiyayi ne. Ya san hakin tudu sarai, amma na ruwa bai san shi ba.

Tun ba su bar gaɓa ba, yaron ya ga wata ciyawa mai yaɗo, kore shar, da fure ja-ja. Ya ce, "Kawu, da tumakina na nan, da sun ƙoshi." Tsoho ya ce, "Kul! Wannan duman kada ne. Da rani, in yunwa ta sa dabba ta ci shi da yawa, sai ta kama makyarkyata, ta yi ta tangaɗi. Wata ma ba ta tashi."

Suka matsa gaba, suka shiga cikin bado. Ganyensa ya shimfiɗu bisa ruwa kamar faifai. Furensa fari ne, da dare yake buɗewa, in rana ta yi zafi ya rufe. Tsoho ya tsinko ɗa guda, ya fasa, ya nuna ma yaron ƙananan ƙwayoyi a ciki. Ana shanya su a daka, saiwar kuwa a dafa. Ya ce a farin 1973 da na 1984, duk inda tabki ya saura da ruwa, bado ya rufa ma gidaje asiri.

A gefe kuma ga kajiji, wanda mata ke tonon saiwarsa don turare. Bayansa ga bagaruwa tsaye da gindinta cikin ruwa. Majema na jima da ƴaƴanta, awaki na cin ganyenta, saiwarta kuma tana riƙe gaɓa kada ta zube.

Da suka kai wajen da korama ke shigowa, kwalekwale ya fara jan ciki. Kacalla ta rufe wurin, ta fi mutum tsawo. Tsoho ya caka sandar tuƙi, sai ga laka kusa-kusa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaro, lokacin ƙuruciyata sanda ba ta taɓa ƙasa a nan. Kacalla ba ta son zurfi. In ka gan ta ta yawaita, ƙasa ce ke cike ruwan."

Ina wannan ƙasa ta fito? Daga tudu. In an sare itace bisa duwatsu da bakin korama, ruwan sama yakan gangaro da ƙarfi, ya kwaso yashi da laka, ya zuba su cikin baraji. Kowace damina wurin ruwa na raguwa. Mai garka ya rasa, masunci ya rasa, makiyayi ya rasa.

Mutanen ƙasar nan sun san maganin abin. A 1975 aka fara dasa layukan bedi cikin fadamar Majiya don tare iska. A 1984 aikin Keita ya soma da taimakon Italiya. Jama'a, mata ne mafi yawansu, suka jera duwatsu, suka gina ramuka bisa gangare, suka dasa itatuwa miliyoyi. Inda aka yi haka, ruwa ya rage gudu, haki ya dawo.

Da hantsi suka juyo gida. Yaron ya cika aljihu da busassun ƴaƴan bagaruwa. Ya ce zai shuka su bakin koramar garinsu, ya kewaye su da ƙaya saboda awaki.

Jama'a, manoma da makiyaya, ku duba abin da ke tsirowa bakin ruwanku. Ku tsare dabbobi daga duman kada. Ku yanke kacalla tun ba ta yaɗu ba, ku yi rufin ɗaki da ita. Itacen da ke bakin ruwa kuwa, a bar shi ya tsaya. Allah ya kawo damina mai albarka, amin.