Dutsen da ya ƙi yin ƙara

1/
Jama'a, duk mai ɗan'uwa a shagon walda, ko maƙeri, ko mai wasa wuƙaƙe a bakin kasuwa, ya ɗan tsaya ya karanta wannan. Saura kaɗan in kashe kuɗina in saya wa ƙanena abin da zai fasa masa fuska, kuma ina murna na yi abin kirki.

2/
Yaron ya gama koyon walda, ogansa ya yaye shi, ya kama ɗan shago. Na ce gudummawata ita ce injin wasa ƙarfe, irin wanda ake ɗaurewa a kan teburi, mai dutse biyu, hagu da dama. Na shiga kasuwa na sayo sabo fil a kwalinsa, mai dutse inci 8. A shagon an jona shi a wuta, ya juya na 'yan daƙiƙu, muka ce lafiya lau. Ni da na ga fenti yana ƙyalli, ai magana ta ƙare.

3/
Kafin in kai shagon sai na biya ta wajen Kawu, ƙanin mahaifiyarmu. Shekarunsa sun fi talatin yana aikin ƙarfe. Gaskiya yabo na je nema. Ko kallon fentin bai yi ba. Ya ce, "Kai, miƙo min sifana." Ya kwance murfin, ya zare duwatsun biyu. Raina ya ɗan sosu, sabon abu ana warwatsa shi a ƙasa.

4/
Ya zura yatsa a ramin tsakiyar dutsen farko, ya bar shi yana reto, ya ƙwanƙwasa gefensa da ƙotar sukudireba ta katako. Ƙara ta fito siririya, tiiin, kamar ka taɓa kofin tangaran. Ya ɗan juya shi, ya sake bugawa, haka dai. Ya ɗauki na biyu. Ƙwas. Ya juya, ya sake. Ƙwas. Kamar ka bugi busasshen bulo.

Ya ce, "Wannan fasasshe ne."

5/
Na ce Kawu ina tsagar? Na ɗaga shi a rana, na shafa, ban ga komai ba. Ya ce, "Ka taɓa raka babarka sayen tulu? Me take fara yi?" Sai na tuna. Ƙwanƙwasawa take da yatsa, ta kara kunne. Ashe hikimar ɗaya ce. Irin wannan dutsen ba daga tsauni aka fasa shi ba, ƙwayoyin yashi ne masu tsananin tauri aka haɗa da wani abu mai kama da gilas, aka matse, aka gasa a wuta. Lafiyayye yana amsawa. Mai tsaga a ciki, ko siririya kamar gashi ce, muryarsa mutuwa take.

6/
Abin da ya fi ɗaga min hankali shi ne da ya nemo dalilin tsagar. Akwai farantai biyu na ƙarfe da suke matse dutsen ta kowane gefe, noti ya ɗaure su. Kawu ya juyo na ciki ya nuna min bayansa. Zubi aka yi shi, kuma zubin ganganci. A gefe ɗaya ga ƙananan ramuka birjik kamar cikin burodi. A ɗayan ga wani ƙullutu kamar ƙwayar dawa, wanda ya kamata a goge a masana'anta amma aka bi shi da fenti kawai. Daidai inda ƙullutun ya zauna, takardar da ake sawa tsakanin faranti da dutse ta huje.

7/
Wanda ya taɓa tsayawa wajen masu zubin tukwanen alminiyam zai gane. Ana narka ƙarfe a zuba a mazubin yashi. In yashin ya cika danshi, tururi ya tashi ya maƙale a cikin ƙarfen ya bar kogo. In yashin ya zaizaye, ƙarfe ya cike gurbin ya fito da ƙullutu. A tukunya, iyakarta ta yi yoyo, uwargida ta yi faɗa. A farantin da zai riƙe dutse kuwa, maimakon matsin ya bazu daidai, sai duk ya taru a wuri ɗaya. Ana ɗaure noti, dutsen ya tsage shiru.

8/
Ku yi lissafin da ni. Injin yana juyi kusan 2,900 a minti ɗaya. Dutse mai faɗin santimita 20 a wannan gudun, bakinsa yana tafiyar kusan kilomita 110 a awa. Gudun mota ke nan a babban titi. Kuma mai aiki sunkuyawa yake a gabansa, fuskarsa da wuyansa suna saitin dutsen. In ya tarwatse, ba a kaucewa.

9/
Ƙaramin injin hannu da masu walda ke yanka ƙarfe da shi ya ma fi wannan. Yana kai juyi 11,000 a minti. Ku duba jikin faifan, an rubuta iyakar gudunsa: na milimita 115 yakan ce 13,300, babba na milimita 230 kuma wajen 6,600. Amma za ka ga an cire murfin ƙaramin inji an ɗaura masa faifan da ya fi ƙarfinsa, wai don ya yanka da zurfi. Kuma faifan nan yana da wa'adi kamar magani. A jikin zoben ƙarfen tsakiya masu kirki suke buga shekarar, shekara uku daga ƙera shi, don ƙaron da ya haɗa shi yana lalacewa, balle in ya sha danshi. Shi ba a gwada shi da ƙwanƙwasa, ba ya amsawa irin ta dutse. Da ido ake duba shi.

To, mu koma labari.

10/
Washegari muka koma kasuwa ni da Kawu. Na gaida mai shagon, na ce, "Alhaji, injin jiya ne, akwai matsala." Ya ce, "Bai tashi ba?" Na ce ya tashi. "To mene ne?" Ya jawo littafin rasit ya nuna min rubutun ƙasa, wai kayan da aka saya lafiya ba a dawowa da su. Ya ƙara da cewa mun ma kwance shi, wa ya sani ko mu muka yar da dutsen.

11/
Ni kuma daren jiya na kwana ina karatu, na zo da zafina. Na ce akwai dokar kare haƙƙin mai saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, kuma ta ba mutum wata uku ya mayar da kaya mai aibi ko mai haɗari, a gyara, a canja, ko a ba shi kuɗinsa. Rubutun rasit bai fi doka ba. Na ce ko a fiƙihun da muka karanta a Islamiyya akwai babin mayar da kaya saboda aibin da ya ɓoyu lokacin ciniki.

Duk gaskiya na faɗa. Kuma wallahi ko gezau bai yi ba. Sai ma ya fara duba wayarsa.

12/
Kawu bai ce uffan ba sai da na gaji. Sannan ya ce, "Alhaji, ara min kunnenka minti ɗaya." Ya rataya dutsen farko a yatsa. Tiiin. Ya rataya na biyu. Ƙwas. Akwai mutum uku a shagon suna ciniki, duk suka juyo. Ɗaya ya ce a sake. Aka sake. Sai Kawu ya miƙa masa farantin, ya kama yatsan Alhaji ya ɗora a kan ƙullutun, ya ce, "Wannan ma mu muka zuba shi?"

Alhaji ya yi shiru, sannan ya ce wa yaronsa ya ɗauko wani.

13/
A nan tsakiyar shagon Kawu ya kwance sabon. Duwatsun biyu suka amsa, farantan sumul. Ya mayar, bai ƙure notin ba, ya ce matsi fiye da kima shi ma yana fasa dutse. Aka jona, ya ce kowa ya koma gefe, kar a tsaya a saitinsa, a bar shi ya yi minti ɗaya cur ba a taɓa shi da komai ba. Na tuna jiya, ni da yaron shagon, fuskokinmu dab da wancan muna kallon yadda yake juyawa.

14/
Na ɗauki kwalina ina jin na yi nasara. Da na waiwaya sai na ga yaron shagon yana harhaɗa tsohon, ya mayar da fasasshen dutsen a mazauninsa, yana neman salatif ya rufe kwalin. Ni dai da ni kaɗai ne, da tafiyata zan yi. Na samu nawa, ina ruwana.

15/
Kawu ne ya ajiye buhunsa. Ya ce, "Ɗan nan, ina za ka kai shi?" Alhaji ya ce za a mayar wa dila. Kawu ya ce, "Madalla. To dila ba ya buƙatarsa a haɗe." Ya karɓi dutsen, ya ɗan buga shi a dandamalin siminti, bugun da ko kwalba ba lallai ta fashe ba. Ya rabe gida biyu, tsagar ta bi daidai ta inda ƙullutun ya danna. Ya nemi maka, ya zana babban kuros a farantin da kuma jikin kwalin. Alhaji bai ji daɗi ba, amma bai hana ba.

16/
A kan kantar akwai sauran kwali huɗu irinsa, kamfani ɗaya, kaya ɗaya. Kawu ya ce a daure a buɗe su a duba kafin a sayar, farantin da aka zuba a mazubi ɗaya da wuya a ce shi kaɗai ya fito a haka. Alhaji ya ce in sha Allahu.

17/
Bayan sati biyu na koma shagon sayo wa ƙanena tabaran kariya. Na ɗaga kai na dubi kantar, wajen babu komai. Na tambayi yaron ina injinan nan. Ya ce, "Ai sun ƙare tun wancan satin, Yallaɓai. Ko a ajiye maka in an kawo wasu?"