Yashi ko Gilashi: Waiwaye Kan Gardamar Masu Kiwon Murjani

A shekarun 1970, duk wanda ya yi niyyar ajiye kifin teku a gidansa a Turai ko Amurka ba ya tsayawa tunanin abin da zai shimfiɗa a ƙasan tanki. Hanya ɗaya ce kowa ke bi: a kwantar da farantin roba mai hudoji, a zuba masa dakakken murjani, injin iska ya riƙa jan ruwa ta cikinsa. Bakteriyar da ke manne a jikin tsakuwar ta cinye gubar da ke fita daga kashin kifi, ta mayar da ita sinadarin naitiret. Kifi na rayuwa a haka. Murjani mai rai kuwa, wannan dabbar da ke gina wa kanta gida na dutse, ba ya ƙarko. Ƙwarangwal ɗinsa ake ƙawata tanki da shi, fari fat, in gansakuka ta rufe shi a ciro a wanke a mayar.

Tun farkon shekarun 1960 wani mutum a Jakarta, Lee Chin Eng, ya nuna cewa duwatsun da aka ɗebo daga teku da halittun jikinsu suna iya tace ruwa da kansu. Amma shi teku na kusa da shi, don haka ba kowa ya iya bin sawunsa ba. Jamusawa ne suka ɗauki maganar da gaske. Peter Wilkens ya yi rubuce-rubuce a kai, kuma wajen 1980 murjanin Acropora mai rassa ya tsiro ya girma a tankin Dietrich Stüber a Berlin, abin da a lokacin ake ganin ba zai yiwu ba. Tsarin nasu, wanda har yau ake kira tsarin Berlin, ya tsaya a kan dutse mai rai, da haske mai ƙarfi, da ruwan farar ƙasa, da na'urar da ke fitar da dauɗa cikin kumfa. Yashi kuwa ɗan kaɗan ne, ko babu sam. A wurinsu juji ne kawai.

Sai ga Jean Jaubert, masanin teku da ya yi aiki a gidan adana halittun teku na Monako, ya juya maganar. Ya bar 'yar rata ta ruwa a ƙasa, ya ɗora raga, ya jibga yashi mai kauri a kai. Hujjarsa ita ce, can ƙasa inda oksijin ke ƙaranci akwai wata bakteriya da ke mayar da naitiret iskar naitirojin, ta fice daga ruwa. A ƙarshen shekarun 1990 Ronald Shimek a Amurka ya ce ratar ma ba dole ba ce: a zuba yashi mai laushi zurfin santimita 10 zuwa 15, a bar tsutsotsi da ƙananan halittu su yi ta juya shi.

Wannan zamanin ne ya fi burge ni. In ka durƙusa ka leƙa ta gefen gilashi, sai ka ga yashin hawa-hawa: sama fari, tsakiya toka-toka, ƙasa ya yi duhu. Ga hanyoyin tsutsotsi sirara kamar zare, ga ƙananan kumfar iska maƙale suna jiran tashi. Da dare in ka haska tocila, ƙasan nan gaba ɗaya motsi take. Mai tanki ya fara fahimtar cewa ba kifi kaɗai yake kiwo ba, yanki ne na teku aka ba shi amana.

Bayan wasu shekaru sai koke-koke suka fara. Yashin murjani yana shan sinadarin fosfet, in ya ƙoshi ya fara amayar da shi, gansakuka ta mamaye ko'ina. Wanda kuma ya tone shi da garaje, warin baragurbi ya tashi, kifi ya kwana a mace. Ba kowa wannan ya sama ba, akwai masu yashi mai zurfi da suka daɗe lafiya lau. Duk da haka a tsakiyar shekarun 2000 mutane da dama suka kwashe nasu a bokiti, suka bar gilashi tsirara ko suka shimfiɗa farin allon roba. Dalilinsu mai ƙarfi ne. Acropora na son ruwa mai bugawa kamar na bakin igiyar teku, kuma da ka ƙara ƙarfin famfo yashi zai tashi ya binne murjanin. In babu yashi, dauɗa na taruwa a kusurwa ɗaya, ka sa tiyo ka zuƙe. Bambancin tsakar gida mai rairayi ke nan da wadda aka yi wa daɓen siminti: ta biyun ta fi sauƙin shara.

Abin da ya dame ni da gardamar, shekara da shekaru ana maganar yashi a matsayin matata, an manta cewa gidan wasu ne. Kifin Halichoeres a cikinsa yake nutsewa ya yi barci, nan kuma yake ɓuya in ya firgita. Akwai wani jatan lande mai raunin gani da ke haƙa rami, wani ɗan kifi yana tsaye a bakin ramin yana yi masa gadi. Jatan landen na ɗora gashin bakinsa a jikin kifin, da ya ji kifin ya kaɗa wutsiya sai su faɗa ciki tare. A kan gilashi tsirara waɗannan ba su da mafaka, kuma sa su a can zalunci ne.

Yau na'urori sun ɗauke wa yashi nauyin tace ruwa, shi ya sa masu tanki da dama suka tsaya a kan yashi santimita 2 zuwa 3 da ake motsawa a kai a kai. Wanda Acropora zalla yake so, ya bar ƙasa tsirara, ba laifi. Wanda kuwa zai sa kifin da ke kwana a yashi, to ya zuba masa yashi kafin ya je sayen kifin.