Kwana Biyu a Marakesh Kafin Hawan Dutse

Marakesh birni ne na ƙasar Maroko. An kafa shi wajen shekara ta 1070. Ganuwarsa da gidajensa duk ja ne. Na sauka can cikin watan Afrilu na 2024, ni da abokaina biyu, da niyyar hawan Tubkal, dutsen da ya fi kowane tsawo a Afirka ta Arewa.

Abin da baƙo yake fara gani shi ne hasumiyar masallacin Kutubiya. Tsawonta metir 77 ne, ta kuwa shekara fiye da 800 a tsaye. Kusa da ita akwai dandalin Jama'ul Fana. Da rana gardawa suna wasa da macizai. Da magariba masu abinci su kafa tebura, hayaƙin gashi ya turnuƙe, makaɗa su ɗauka.

Kashegari muka je majema. Warin jima ya tuna mini da gida. A dā fatake suna ƙetare Sahara da fatun jajayen awaki na ƙasar Hausa, irin akuyar Maraɗi. Turawa suna sayensu a bakin teku, suna kiransu fatar Maroko. Ke nan, yara, hajar kakanninmu ta riga ni zuwa arewa.

Amma hankalina yana kudu. Daga kan soro na hango duwatsun Atlas, ƙanƙara ta rufe kawunansu fari fat. Ban taɓa ganin irinta ba. Bagzan, dutsen da ya fi tsawo a Nijar, metir 2022 ne. Tubkal kuwa metir 4167, ya ninka shi biyu har da ɗori. A can sama iska tana ƙaranci, numfashi ya yi wuya, kai ya yi ciwo. Gabana ya faɗi.

Ba a barin baƙo ya hau shi kaɗai, sai da jagora. Namu ya zo masauki, ya duba takalmanmu da rigunan sanyi. Mutanen yankinsa sun sha wuya: girgizar ƙasa ta 8 ga Satumba 2023 ta kashe mutum kusan 3000. Da kuɗin jagoranci yake sake gina gidansu.

Ya ce mini: «Malam, dutse ba ya son gaggawa. Taka sannu, sha ruwa da yawa.»

Da asuba muka shiga mota zuwa ƙauyen Imlil, inda alfadarai suke jiran kayanmu.