Dashe Ba Shi Ne Aiki Ba, Reno

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu.

Mu 'yan ajin ƙarshe mun taso a inuwar wani tsohon mangwaro da ke ƙofar makarantarmu a Zongon Paraku. A nan muke wanke alluna, a nan muke tilawa. Da aka sare shi don a gina shago, ba mu ce uffan ba. Sai da hunturu ya shigo ƙura ta riƙa cika mana littattafai, sannan zafin Maris ya biyo, hayaƙin baburan zemijan na shigowa har aji. Kai, ranar muka san abin da muka rasa.

A ƙasarmu Benin, 1 ga Yuni ranar dashen itace ce. Bara muka haɗa kuɗi muka sayo tsirrai goma sha biyu: darbejiya, mangwaro da zogale. Malam ya tunatar da mu hadisin Anas da ke cikin Bukhari da Muslim, wanda ke nuna cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga dashen musulmi sadaka ne gare shi. Muka dasa, muka ɗauki hoto, muka watse.

Wallahi kafin sati uku awaki sun cinye bakwai. Wani ɗan ajinmu ya ce ai ga sadakar nan an karɓa. Muka yi dariya, amma da kunya. Laifinmu ne, ba mu yi shinge ba.

Da hutu wasunmu suka je gida Jugu. Can wata kakarmu ta nuna mana darbejiyar tsakar gidanta, ta ce: "'Ya'yan nan, itace kamar jariri yake, shekara biyu kuna ba shi ruwa." Ita a gindinsa take alwala.

Da muka dawo muka kewaye biyar ɗin da ƙaya, muka haƙa 'yar hanya daga wurin alwala zuwa gindinsu. Huɗu sun tsallake rani.

Bana za mu tafi, ba za mu zauna a inuwarsu ba. Ƙannenmu, ga amana nan. Iyayenmu kuma, don Allah a ɗaure awaki, kowane gida ya dasa ko ɗaya.

Allah Ya karɓa mana. Wassalamu alaikum.