Kofin da Muka Ci da 'Yan Haya

A Tebaram, kamar sauran garuruwan Adar, ƙwallon ƙafa damina take bi. Da an gama girbi samari sai su kama hanyar biɗa, wasu Abijan, wasu Libiya ko Aljeriya, fili ya zama na awaki. Idan ruwa ya sauka suka dawo noma, 'yan lakwal kuma suka samu babban hutu, sai a kafa gasar unguwanni da ƙauyuka. Ba mai biyan kowa. Yaro ya yini a gona, da la'asar ya ajiye hauya ya zo ya buga, wani da takalmin roba, wani ba takalmin ma.

Na daɗe ina bin ƙungiyar unguwarmu, har aka damƙa mini kuɗin karo-karo. Bayan Mena, ƙungiyar ƙasarmu, ta doke Masar da ci 1-0 a Yamai a 2010 da ƙwallon Musa Ma'azu, ta kuma je gasar cin kofin Afirka a 2012 da 2013, zumuɗi ya kama kowa. Yara suka ƙara himma. Ni kuwa son kofi ne ya ƙaru a raina.

Wata damina muka kai wasan ƙarshe. Tsoro ya kama ni, na kawo shawarar a ɗauko 'yan wasa daga birnin Tahoua. Mai horar da yaran ya ce mini, "Yaya, waɗannan yaran su suka kawo mu nan." Ban saurare shi ba. Na ɗebi kuɗin da aka tara don riguna da ƙwallaye na biya baƙin, na rubuta su da sunayen yaranmu da ba su dawo daga biɗa ba. Na san ƙarya ce lokacin da nake rubutawa. Aka zaunar da namu a gefen fili.

Mun ci kofin. Tun kafin a miƙa shi baƙin suka karɓi cikon kuɗinsu, suka hau babura don kada dare ya yi musu.

Washegari yaron da ya fi kowa ci mana ƙwallaye a gasar ya same ni a ƙofar gida. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ajiye rigarsa a wanke, a naɗe. Ya ce, "Kawu, in ranar ƙarshe baƙi ne za su buga, mu me muke yi wa gudu?" Bai ɗaga murya ba. Na buɗe baki in ce don unguwa na yi, sai maganar ta maƙale, domin unguwar ce durƙushe a gabana. A nan na gane wanda na yi wa aikin. Ni nake son a nuna ni a kasuwa a ce ga mai kofi. Na cuci abokan karawarmu, na ci amanar masu karo-karo, na kuma koya wa yara cewa gumi bai kai kuɗi ba.

Damina ta gaba filin atisaye ya kusa zama fayau. Masu karo-karo suka ja hannu, kuma suna da gaskiya. Kayan aro ba ya rufe katara. Na je gida-gida na ba da haƙuri. Wasu sun dawo, yaron nan kuwa bai dawo ba.

Kai da ke riƙe da asusun wata ƙungiya, ranar wasan ƙarshe wannan tunanin zai zo maka, kuma zai yi kama da kishin gari. Ka bar yaran da suka kawo ka su buga wasansu, ko da za a ci ku.